Kofin da Baba Ya Cika Mini

Shekara tara ina juya Baba a kan gado, safe da rana da yamma, don kada bayansa ya yi gyambo. Na fara da wannan ne saboda idan kuka shiga unguwarmu a Margilan kuka tambaya, wani labarin daban za a ba ku.

Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye, magana ma ta ɗauke. Mutumin da ya shekara arba'in yana sassaƙa gadon jarirai, rabin unguwa a cikin aikin hannunsa suka yi barcinsu na farko, ya koma sai an kai masa cokali baki. Mu biyu ya haifa, ni da ƙanena Erkin. Mijina ya rasu, ban haihu ba, don haka ba a ma zauna shawara ba. Na bar aikina a masaƙar siliki, na kwaso kayana na dawo gida, kowa ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Sanobar." Albarkar nan na yi ta ci ina sha har furfura ta cika mini kai.

Shi kuwa Erkin yana can Tashkent yana kaɗa dutar, molon nan mai tsirkiya biyu, a gidajen biki. Aure biyu ya yi, duka biyun suka mutu ba tare da an ji kansu ba, har yau matan suna gaishe shi da fara'a, abin da na kasa ganewa ke nan. Sau biyu yake zuwa a shekara, da kankana a kafaɗa da labari a baki. Yana shigowa Baba zai fara motsa kyakkyawan hannunsa, bakin nan da ya karkace ya buɗe da dariya. Ni da ke wanke masa jiki, sai in yi wata ban ga haƙorinsa ba. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai ƙwarai.

A farkon kaka Dilorom, ƙawata tun makaranta, ta zo ta ce su mata shida za su je gidan hutu na ruwan zafi a Cortok, kwana goma, kuma ta sa sunana. Na yi dariya na ce wa zan bar wa tsohon? Ta dubi gwiwoyina da suka kumbura ta ce, "Ke kaɗai ya haifa?" Bayan ta tafi na daɗe a tsaye a bakin murhu. Kwana goma. Ban taɓa son wani abu a rayuwata kamar yadda na so kwana goman nan ba, har kunyar kaina na ji.

Na kira Erkin a waya, na shirya masa faɗa, sai kawai ya ce, "To, ga ni nan tafe ranar Laraba." Na tsaya riƙe da waya da faɗan da ban samu inda zan sauke ba.

Ya iso da hantsi, da kankanarsa da dutar ɗinsa. Muka ɗauko Baba muka jingina shi a gadon katakon da ke tsakar gida, ƙarƙashin inabi. Na miƙa wa Erkin takardar da na rubuta: lokacin kowane magani, lokacin juyi, abin da za a ci, abin da ba za a ci ba. Ya karanta yana ɗaga gira.

"Ban da kitse, ban da gishiri, ban da soye, ban da zaƙi. Yaya, wannan mara lafiya ne ko ɗan fursuna?"

"Likita ne ya faɗa. Da wannan takardar ya kai shekara tara."

"Shekara tara yana shan romo marar gishiri. Ni dai a ba ni wata tara da tukunyar osh, shinkafar nan da nama da mai, na yafe sauran."

"Ai ka saba. Kai dai ka ci ka sha ka kaɗa, wani ya wanke kwanon."

"Na taɓa cewa wani ya wanke mini?" Ya zauna ya naɗe ƙafa, ko a jikinsa. "Yaya, ni abin da na ɗauka a duniyar nan guda ne. An kawo mu, za a ɗauke mu, ba a tambaye mu ba. Tsakanin nan in ka samu inuwa ka zauna, in ka samu na kusa da kai ka ba shi dariya. Ban cuci kowa ba."

"Ba ka cuci kowa ba saboda ba ka tsaya kusa da kowa ba. Dariyar da kake ba shi, in da ban canza masa shimfiɗa da asuba ba, a cikin me zai yi ta?"

"Gaskiyarki. Na sani, wallahi na sani. Amma ke ma ki ji tawa. Kina yi wa mutum hidima kina ɗaure fuska, ya ci abincinki ya ji kamar laifi ya yi da bai mutu ba."

Na ɗaga hannu, saura kaɗan in kwaɗa masa mari, shekara hamsin da biyu ina da su. Abin da ya tsayar da ni, Baba ne ya bugi katako da tafin hannunsa na hagu. Muka juya. Yana nuna butar shayi.

Na ɗauka zan zuba masa, ya girgiza kai. Shi yake so ya zuba. Rabonsa da riƙe buta tun kafin ciwon. Erkin ya tallafa masa gindin butar, Baba ya zuba wa ɗansa ɗan kaɗan a ƙasan kofi, yadda ya kamata. Tun ina yarinya Inna ta koya mini wannan da duka a bayan hannu: wanda kike so ya zauna, ki zuba masa kurɓi biyu, ya shanye ki ƙara, ki yi ta ƙarawa kuna hira. Wanda kika cika wa kofi kuwa kin ce masa ya sha ya kama gabansa.

Sai Baba ya juyo kan kofina. Ya zuba, ya wuce inda ake tsayawa, ya wuce rabi. Na zaci hannun ne ya ƙwace masa, na miƙa nawa zan tare, ya ture ni da gwiwar hannu. Bai ɗaga butar ba sai da shayin ya zo baki ya fara zuba kan shimfiɗa. Sannan ya dube ni cikin ido.

"Kin gani?" in ji Erkin, muryarsa ta yi laushi. "Cewa yake ki je ki huta."

Na san Babana. Na san yadda yake rufe ido in na shigo da kwanon romo, da yadda yake juya fuska bango in ina goge masa jiki. Wataƙila ki je ki huta yake nufi. Wataƙila kuma na gaji da ganinki ne. Kofin iri ɗaya ake cikawa, kuma mutumin ba shi da bakin da zai rarrabe mini. Na ɗauka na shanye da zafinsa a tsaye, harshena ya ƙone, na shiga ɗaki na ɗauki jakata. Ban yi masa sallama ba.

A Cortok na zama abin dariya. Rana ta farko na farka da asuba na tsinci kaina ina gyara gadon Dilorom tana kai. Rana ta biyu a ɗakin cin abinci na tattara kwanukan teburinmu zan kai wanki, ma'aikaciyar ta karɓe tana cewa, "Baiwar Allah, so kike a kore ni?" In agogo ya buga goma sai in miƙe zumbur, lokacin juyi ya yi, in tsaya a tsakar ɗaki ba wanda zan juya. Dilorom ta ce, "Ke dai an yi asarar kujera a kanki." Na kira gida sau uku, kowane lokaci sai in ji kiɗan dutar da muryoyin maza a bayan Erkin, ya ce lafiya lau, in ajiye waya in je in jiƙa ƙafata.

Rana ta huɗu ce na iya. Bayan wankan ruwan zafi gwiwoyina suka saki, muka zauna a lambu ƙarƙashin manyan itatuwan nan masu faɗi, aka kawo samsa, gasasshiyar fulawar nan mai cushe da nama, da zafinta daga tanderu. Na ci uku a zaune, maiƙo yana bin yatsuna. Dilorom ta zuba mini kurɓi biyu, na shanye ta ƙara, na shanye ta ƙara. Wata daga cikinmu ta kwaikwayi tafiyar tsohon malaminmu na lissafi, na yi dariya har da hawaye, dariyar da na manta ina da ita. A raina na ce, ashe wannan ne abin da Erkin yake faɗa, ashe ba ƙarya yake yi ba. Ina cikin share hawayen dariya wayata ta yi ƙara.

Tafiyar awa biyu ce, amma ko da na iso an riga an jera kujeru a ƙofar gida, maza sun ɗaura ɗamarar makoki. An rufe wa Baba ido, an ɗaure masa haɓa. Hannun da ya yi wannan ba nawa ba ne.

Matan unguwa suka rungume ni suna kuka. Gwaggo Tursunoy, maƙwabciyarmu da ba ta taɓa riƙe mini tsohon ko na awa guda ba, ta ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Allah mai iko! Ya kawo ɗa a kan lokaci. A kan cinyar ɗansa ya cika, wace gata ta fi wannan?" Wata ta ce, "Yaron kirki, ya baro birni da sana'arsa ya zo ya zauna da uba." Can daga baya na ji ƙasa-ƙasa, "Ita tana ina?" Aka amsa, "Wurin shaƙatawa, wai ruwan zafi."

Bayan an dawo daga maƙabarta na samu Erkin a madafa, shi kaɗai, idanunsa sun kumbura. A gefe ga babbar tukunyar ƙarfen Baba da na kife a rumbu shekara tara, an sauko da ita, maiƙo ya daskare a ciki.

"Me ka ba shi?"

"Osh," ya ce, bai ko ɓoye ba. "Da kitsen wutsiyar rago, yadda yake so. Na tara masa tsofaffin abokansa uku. Yaya, da kin ga yadda ya ci. Da hannunsa, yana zubarwa yana dariya. Na kaɗa masa, yana buga katako. Bayan azahar ya jingina a jikina kamar mai gyangyaɗi, shi ke nan."

"Na ba ka takarda."

"Kin ba ni."

"Kwana goma na roƙe ka, Erkin. A duk rayuwata, kwana goma."

Ya sa fuska a tafin hannu ya fashe da kuka. Na so ya yi gardama, ya kawo mini hikimar nan tasa ta inuwa da dariya in samu abin da zan yaga. Bai kawo ba. Ya ce ko likita bai ce abincin ne ba, ya ce kwana ne ya ƙare, amma in ina so in ce shi ya kashe shi, in faɗa, ya ɗauka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na yarda da shi cewa Baba ya yi dariya. Shekara tara na riƙe masa rai da hannu bibbiyu, kuma kwana huɗun da ya fi jin daɗinsu su ne waɗanda ba na nan.

"Da na tafi," na ce, "ya neme ni?"

Erkin ya share idonsa. Mutum ne mai iya gyara labari, sana'arsa ke nan, amma ranar bai gyara ba. Ya ce, "Yakan dubi ƙofa in goma ta yi. Ban san me yake nufi ba."

Rana ta uku aka yi sadaka. Da aka watse dangi na kusa suka zauna a gadon katakon nan, Gwaggo Tursunoy tana ta ba da labarin yadda ɗa ya rufe wa uba ido, karo na nawa ban sani ba. Aka miƙo mini buta, don wa zai zuba in ba ni ba? Tun safe na ƙudura abin da zan yi. Zan cika wa Erkin kofinsa har ya zube a gaban kowa, ya sha ya koma Tashkent, kada ya sake taka gidan nan.

Na ɗaga butar a kan kofinsa. Ya ga fuskata, ya gane, ya riƙe kofin da hannu biyu yana jira, bai janye ba. Na zuba. Kurɓi biyu suna sauka hannuna ya tsaya da kansa, ya ɗaga butar, na hagu ya tafi ƙirji, na miƙa masa yadda Inna ta koya mini. Ban yafe masa ba, ko kaɗan. Hannun ne kawai bai san wani aiki ba sai wannan.

Na bi kowa na zuba masa nasa. Kofina ne na ƙarshe. Na zuba, na wuce rabi, na ci gaba har ya cika ya zubo kan shimfiɗa, daidai inda na Baba ya bar tabo. Hira ta tsaya. Gwaggo Tursunoy ta yi dariyar yaƙe ta ce, "Sanobar, wa kike kora haka? Kanki? To ina za ki?"

Na duba agogon bango, goma saura kaɗan. Na zauna da kofin a gabana har ya huce.