Sawun Malam Talha a Gonar Na'Allah

Shekarar da mutanen Tungar Wakili suka koma gida, ruwa ya makara, kamar shi ma yana jira ya ga ko da gaske suke. Tungar 'yar ƙarama ce, can bayan Gatawa, gidajenta ba su kai arba'in ba. Damina uku ta yi babu kowa a cikinta tun da 'yan bindiga suka tashe ta, wasu suka fake a Sabon Birni, wasu a Isa. Laraba tana cikin na Isa. Da mijinta Malam Talha ta tafi, amma da jikoki uku kawai ta dawo, don shi ciwon ƙirji ya ɗauke shi a damina ta biyu, can aka yi masa sutura.

Abin da ta dawo da shi bai wuce tukwane biyu da tabarma da ƙullin irin gero ba, tiya uku, wanda ta hana kowa taɓawa ko a ranakun da aka wuni da ruwan kanzo. Gona ɗaya gare ta. In ta shuka bana, ita da jikokin sun zauna. In ba ta shuka ba, sai dai ta koma Isa ta ci gaba da daka wa mutane hatsi a biya ta da dusa.

To, ga gona a inda aka bar ta, amma ina iyaka? Gambar da kakanni suka dasa a tsakanin gonaki wuta ta cinye, abin da ya saura shanu suka tattake, iska ta zo ta shafe da yashi. Fili ya zama fallau kamar faifai. Dattawan da za su tsaya su ce nan ne, can ne, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Tun ba a sauke kaya ba aka fara jin ƙananan maganganu a bakin rijiya.

Ana cikin haka Malama Khairat ta zo a bayan mashin. Ita ce malamar gona ta ƙungiyar manoma, kuma ita ce ta auna gonakin tungar da waya shekara guda kafin tashin. Laraba ba ta sa rai da awon nan ba, don ta ji labari wayar Malama ta faɗa gulbi tun bara waccan. Da ta yi mata jaje, Khairat ta yi dariya ta ce ai awon ba a cikin wayar yake kwana ba. Wayar ƙofa ce kawai. Ainihin abin yana can ajiye a wasu manyan na'urori masu nisa, kamar rumbun tsimi da aka gina a garin da gobara ba ta kai ba, kuma masu ilimin abin gajimare suke ce masa. Duk wayar da ta samu, in ta hau tudu sabis ya kama, sai ta buɗe ta ga gonar kowa. Laraba ta ce ita dai ba ta gane ba, amma Allah shi ƙara nisa da wuta.

Baba Wakili, mai garin, ya tara mutane a gindin tsamiya aka yi shawara. Aka tsaya a kan magana ɗaya: duk inda awo ya nuna, nan ne iyaka, babu musu. Gonar kuwa da aka ce awonta bai yi daidai ba, ba za a taɓa ta da sungumi ba sai mutanen hakimi sun zo bayan kaka. Kowa ya ce ya yarda, don kowa yana ganin wani ne zai shiga uku, ba shi ba.

Ranar Talata da hantsi aka zo gonar Laraba. Khairat tana gaba da waya a hannu, maza suna binta suna kafa turaku. Gabas lafiya, kudu lafiya. Da aka juyo yamma, inda gonar ta haɗa kafaɗa da ta marigayi Na'Allah, sai layi ya bar hanya ya karkata, ya nutsa cikin gonar Na'Allah taku saba'in, ya kewaye babban gawon da ke tsakiyarta, sannan ya dawo ta wani gefen. Aka sami wani yanki kamar ƙahon sa ya shigo cikin awon Talha. Kuma ba yankin banza ba, gindin gawo ne, inda ƙasa take baƙa, inda gero yake fin mutum tsawo ko shekarar da ruwa ya yi rowa.

Zayyanu ɗan Na'Allah, wanda gonar ta faɗo hannunsa, ya tsaya yana kallon turakun. Mutum ne mai iyali, ba mai hayaniya ba. Ya ce shi dai tun yana rarrafe ya san gawon nan na babansa ne, a gindinsa aka yaye shi. Wani ya tuna masa cewa shekara biyar ya yi yana ci-rani a Kurmi, wa ya san abin da dattawan biyu suka ƙulla a bayansa, ko saye ko kyauta. Wani ya ce na'ura ba ta da dangi a tungar balle ta yi son kai. Zayyanu ya ja da baya, don da bakinsa ya yarda a gindin tsamiya.

Baba Wakili ya juyo wajen Laraba ya tambaye ta ko ta karɓi awon. Ta ja bakin gyalenta ta ce a bar ta zuwa bayan azahar.

Ta koma gida ta zauna a bakin murhu ba ta hura wuta ba. Ita ta san Malam bai taɓa sayen ko taku ɗaya a hannun Na'Allah ba. Da ya saya, da ita ce za ta fara ji, don mutum ne da ko akuya zai sayar sai ya yi kwana uku yana zancen. Amma in ta buɗe baki ta ce awon ya yi kuskure, gonarta duka ta shiga jiran hakimi. In ta yi shiru, gobe ta shuka, har da ƙarin gindin gawo. Ta dubi ƙullin irin a rataye, ta dubi jikokin suna wasa da ƙasa. Wa zai ce ta yi ƙarya? Ba ita ta ja layin ba.

Abin da ya hana ta sakat shi ne yadda aka yi layin ya je can. Ta yi ta juya ranar awon a ranta. Lokacin maimai ne. Malama ta zo da wayoyi uku, ta ba kowane mai gona ɗaya ta ce ya sa a aljihu ya bi iyakarsa har ya dawo inda ya fara, ita kuma ta zauna a inuwa tana rubuta sunaye. Laraba ta kawo wa Malam fura ba ta same shi a bukka ba. Sai ta tuna inda ta same shi. Ta miƙe, ta ɗauki gyale.

Khairat tana kan tudun bayan masallaci tana cin ɗan wake. Laraba ta zauna kusa da ita ta ce, “Malama, wanga abu naki shina sanin inda mutum yat tsaya, ko tahiya kaɗai shika gani?”

“Ƙwarai, Inna, shina sani. Har minti nawa.”

Khairat ta goge hannu, ta buɗe gonar Talha, ta buɗa hoton da yatsu biyu har layin ya rabu ya zama ɗigo-ɗigo kamar sawun tururuwa. Ta ce kowane ɗigo taku ne da lokacinsa. Suka bi shi tare. Ga shi ya taho a kan iyaka tiryan-tiryan, ga shi ya karkata ya nufi gawo. Daga nan sai ɗigon ya yi gaba ya dawo, ya yi gaba ya dawo, har sau huɗu, layuka a jere kusa da juna. Sannan ya taru wuri guda a gindin itacen, minti arba'in bai motsa ba. Khairat ta ce wannan kam ba ta gane ba, ko wayar ce ta rikice.

Laraba ta daɗe tana kallo. Sai ta yi dariya, dariyar ta zo da ruwa a ido, ta share da bakin gyale.

“Ba ta rikice ba. Kunya huɗu ya kama mai. Ki ga ta ukun ta karkace, haka shika yi in bayanshi ya fara ciwo.”

Ta ba ta labari. Malam yana cikin tafiyarsa ya hango Na'Allah yana noma shi kaɗai. A tungar nan ba a yi wa na gaba da kai sannu da aiki daga nesa kamar mai kiran akuya. Sai ka taka ka je, ka karɓi hauyar daga hannunsa ka ja masa ko kunya biyu ce, shi ya miƙe baya. Na'Allah ya girme shi da shekara shida, to ina zai wuce? Ya je ya kama masa, Laraba ta iske su can, suka zauna suka shanye furar suna gardamar wanda geronsa zai riga fitar da kai. Da suka gama, ya yanke ta gaba ya koma kan iyakarsa, waya tana aljihu tana ta rubutu.

Khairat ta riƙe haɓa. Ta ce laifin nata ne, ta ce musu su bi iyaka, amma ba ta ce kada su je gaisuwa ba. Sannan ta tambayi Laraba ko ta san abin da maganar nan za ta ja mata a wajen Baba Wakili. Laraba ta ce ta sani. Ta ce tun safe take auna shirun, amma yanzu da ta ga sawunsa, ba za ta iya cin geron da aka shuka a kan gaisuwarsa ba.

Bayan azahar aka taru a gindin tsamiya. Laraba ta durƙusa daga gefe ta ce, “Ranka shi daɗe, gawo na Na'Allah ne. Malam bai saya ba, ba a ba shi ba. Sannu da aiki yat tahi yi.”

Ta faɗi yadda aka yi, Khairat ta zagaya da wayar kowa ya ga kunyoyin nan huɗu. Wasu suka yi murmushi, wasu suka yi wa mamatan biyu addu'a. Baba Wakili bai yi dariya ba. Ya ce ya ji, kuma Allah shi saka mata, amma magana an riga an yanke ta a gaban kowa. In ya buɗe wa Laraba ƙofa yau, gobe duk wanda awo bai yi wa daɗi ba zai zo da nasa labarin furar. Gonarta sai ta jira hakimi. Laraba ta sunkuyar da kai ta ce to.

Khairat ce ta nemi a ba ta ɗan lokaci. Ta ce tun da Inna ta buɗe mata ido take duba sauran gonakin da ba a kai gare su ba. Cikin talatin da huɗu, tara suna da irin wannan ƙahon. Ta fara karantowa. Na Alhassan ya shiga gonar surukinsa ya yi kunya shida. Na Halliru ya bar gona gaba ɗaya ya raka wani har bakin hanyar Burkusuma ya dawo. Na Baba Wakili kansa ya tsallaka gonar liman ya zauna awa guda.

Nan fa aka fashe. Liman ya ce ya tuna ranar, ba hauya Wakili ya karɓa ba, goro ya zo ci. Baba Wakili ya shafa gemu ya ce ashe shi ma ya ci gonar malamai bai sani ba. Da dariya ta lafa, ya ce gona goma, har da ta Laraba, ba za su kwana ba shuka ba saboda mutane sun yi ladabi. Inda sawu ya nuna gaisuwa ce, kuma maƙwabtan biyu suka yarda, a sake takawa yau. Inda ba su yarda ba, a jira hakimi. Ya dubi Zayyanu ya ce saura shi, don tsakanin inda Talha ya bar iyaka da inda ya koma kanta akwai taku hamsin da babu wanda ya auna.

Zayyanu ya ce shi ba ya nan aka yi ta, kuma ya san iyakar ba miƙaƙƙiya ba ce a wurin.

“A ba Inna wayar ta taka. Duk inda ƙahwarta tab bi, na yarda.”

Da la'asar sakaliya Laraba ta ɗaure wayar a bakin zane ta shiga gona. Shekara talatin da ɗoriya tana bin wurin nan da ƙwaryar fura a ka, ƙafarta ta fi idonta sanin sa. Ta bi ta inda tsohuwar jiɓar gara take, ta lanƙwasa a inda kalgo ya taɓa tsayawa, ta fito daidai kan turken da ke jiranta. Zayyanu yana biye yana kafa sababbi. Khairat ta hau tudu ta aika sabon awon, ta dawo ta ce ya shiga.

Washegari Laraba ba ta jira ruwa ba. Gabas ta fara haɗa hadari, tsofaffi sun ce bai fi kwana biyu ba, ita kuwa ta ce binne za ta yi, iri ya jira ruwa a cikin ƙasa. Ta kwance ƙullin ta juye a ƙoƙo. Babbar jikar ta riƙe sungumi tana sara, ita tana biye tana zuba ƙwaya tana rufewa da diddige, tun daga gabas, layi bayan layi, har rana ta take tsaka.