Rabin Sarewar Tata Rufino

Ma'aikacin asibitin ya matse wa Tata Rufino, wato Baba Rufino a yarensu, hanci da wani ɗan matsi na roba, ya sa masa bututu a baki, ya ce ya cika ƙirjinsa ya hura har sai ya ji ba sauran komai a ciki. Matarsa Basilia tana zaune a gefe da ƙunshinta a cinya, tana addu'ar da ba ta taɓa zaton za ta yi wa mijinta ba. Roƙo take Allah ya sa ya kasa.

Ba mugunta ba ce. Shekara biyu ke nan tana kallon mutumin yana ƙarewa a tsaye. Leɓensa ya yi duhu, farcensa ya yi shuɗi, ciwon kai ba ya sakinsa, kuma daga ɗaki zuwa garken tumaki sai ya tsaya sau biyu, wai yana duba gajimare. Mutanen ƙauye kuwa in sun ga fuskarsa ta yi jawur sai su ce ai ƙarfi ke nan, jini ne ya cika masa jiki. A nan kan tudu kowa da jan kumatu ya tashi, shi ya sa ba mai lura idan jan ya wuce kima. Makon jiya a gona ya yanke jiki ya faɗi. 'Yarsu Celestina, wadda ke aure can gangare a Caranavi, inda iska ke ƙosar da mutum, ta yi ta kuka a waya tana cewa a sauko mata da ubanta. Ya ce shi ba ya zama garin da mutum ke gumi alhali yana zaune. Da Basilia ta hana shi sakat, sai ya yanke magana: in asibiti ya ce huhunsa ya lalace, zai sauka. In bai ce ba, bikin Waliyyi Santiago saura kwana takwas, kuma zai yi busarsa ta kwana uku, har da hawan dutse a bayan gunkin waliyyin, kamar kowace shekara.

Abin da Basilia ta manta shi ne, wanda ya yi shekara hamsin yana hura kara ba a koya masa hura bututu. Rufino ya gyara zama, ya ja numfashi a hankali, ya sake shi kamar ba zai ƙare ba. Sau uku ya yi haka, kuma ya danne tarinsa har aka cire masa matsin.

"Ɗari da biyu, Tata," in ji ma'aikacin. "Ɗari ake nema ga mai shekarunka."

Rufino ya waiwayo yana haki yana murmushi. "Kin ji ko, tsohuwa? Har da gyara suka ba ni."

Ya karɓi takardar sakamakon ya fice, bai ko jira ta ba. Basilia ta kwance ƙunshinta ta zaro wani tsohon kati da ta daɗe tana ajiya cikin takardun baftisma. Shekara goma sha biyu da suka wuce wasu ɗaliban jami'a sun zo ƙauyensu da irin wannan na'ura, suka yi ta auna ƙirjin maza suna mamaki. A ranar Rufino ɗari da arba'in da ɗaya ya hura, aka yi wata guda ana zancen.

Ma'aikacin ya daɗe yana kallon katin. Ya ce mata na'urar da huhun mutanen gangare take gwada kowa, don da su aka tsara lissafinta. Wanda aka haifa a nan sama kuwa, shi da kakanninsa, ƙirjinsa ya buɗe tun yana yaro saboda ƙarancin iska, don haka ɗarinsu ba ɗarinsa ba ne.

"Randa ce babba, Mama. Ta zubar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, amma har yanzu ta fi tulu ruwa. Na'urar tulun kawai ta sani."

Ta ce to ya rubuta hakan. Ya ce ba shi da hurumi, sai likita ya ga Rufino an auna jininsa, kuma ranar ganin likita da ta fi kusa sai nan da mako uku. Ya dai bi ta har baranda ya yi wa Rufino bayani da bakinsa. Rufino ya saurare shi cikin ladabi, ya gode, sannan ya nuna masa hatimin da ke jikin takardar, ya ce magana ba ta da hatimi.

A bas ɗin da ta fitar da su daga El Alto, birnin da asibitin yake, sai da kowa ya ga takardar nan, har direba. Bayan sun yi nisa barci ya kwashe Rufino baki buɗe. Basilia tana jin numfashinsa yana yankewa, ya yi shiru har gabanta ya faɗi, sannan ya dawo da gurnani. Haka suka yi tafiyar awa biyu.

Da suka isa ta zuba masa miyar busasshen dankali, ta ce za ta duba tumaki. Ba garke ta nufa ba, gidan Anacleto ta wuce.

Siku, sarewar kara da suke busawa, ba ta mutum ɗaya ba ce. Jerin karan gida biyu ake raba shi, rabin muryoyin a hannun mai ja, rabin a hannun mai amsawa, kuma ba wanda zai iya fitar da waƙa shi kaɗai. Rufino ne mai ja, Anacleto ke amsa masa, yau shekara arba'in da ɗaya. Sun yi faɗa a kan iyakar gona, sun taɓa yin damina guda ba sa gaisawa, amma ko a waccan shekarar tare suka yi busar biki.

Ta same shi a fili yana tattaka dankalin da sanyi ya daskarar, wando a naɗe. Bayan gaisuwa ba ta yi kwana-kwana ba.

"Tata Anacleto, tun yaushe kake rufa masa asiri?"

Ya ci gaba da tattakawa kamar bai ji ba. Can ya ce tun bikin bara waccan. Idan numfashin Rufino ya gaza, sai shi ya ja tasa muryar ta rufe gurbin, kuma ba wanda ya gane. Yana jin ko Rufinon ma bai san iyakar abin ba.

"Yau ka busa naka kawai. Nasa ka bar masa."

"A gaban mutane? Mama Basilia, ai gara ki ce in je in kwaɗa masa mari."

"Kai ka riƙe Celestina ranar baftismarta. In ya faɗi a kan dutsen nan, kai za ka kira ta ka gaya mata, ni ba zan iya ba."

Ya koma kan dankalinsa. Ta tsaya har ta gaji, ta juya.

Da la'asar mabusa goma sha biyu suka yi da'ira a harabar coci don gwaji, mata suna zaune jikin katanga suna kaɗi. An fara da takardar, ta zaga hannu hannu, wani ya ce da huhun Tata Rufino sai a hura tayar mota, aka yi dariya. Aka tauna ganyen koka, goron mutanen tudu, mai ganga ya gyara tsayuwa. Al'ada ce manyan biyu su buɗe su kaɗai, zagaye ɗaya, kafin sauran su shigo.

Rufino ya ja, Anacleto ya amsa. Layin farko ya fita sumul. A na biyu muryar Rufino ta yanke kafin lokacinta, Anacleto ya busa tasa daidai tsawonta ya tsaya. Aka ji shiru a tsakiyar waƙar, ɗan kaɗan, amma kowa ya ji shi. A layi na uku shirun ya ƙaru, a na huɗu har ana jin hakin Rufino a cikinsa. Waƙar da kowa a wurin ya haddace tun yana goye ta zama gutsure-gutsure. Mai ganga ya sauke hannunsa, matan suka daina kaɗi. Anacleto bai ɗaga idonsa daga ƙasa ba, hawaye na bin karan sarewarsa, kuma bai ƙara ko ɗigo a kan nasa ba.

Rufino ne ya tsaya da kansa. Ya dubi amininsa ya daɗe, sannan ya juyo ya nemo Basilia a cikin mata. Ta so ta sunkuyar da kai, ta kasa. Ta sami abin da ta roƙa tun safe, kuma tunda take ba ta taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba.

"Tun yaushe?" ya tambayi Anacleto.

"Tun bara waccan."

Ya gyaɗa kai. Ya ciro takardar asibitin daga cikin hularsa, ya warware ta, ya naɗe rabin sarewarsa a ciki a hankali yadda ƙura ba za ta shiga ba, ya ajiye a kan benci kusa da Anacleto. Da ya zo wucewa ta gaban Basilia bai dube ta ba, ya dai tambaye ta ƙarfe nawa motar Caranavi ke tashi. Ta ce bakwai na safe.

Ya kama hanyar gida, tana biye da shi daga nesa. Sau uku ya tsaya kafin su kai, kuma ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya duba gajimare ba.