Kakin Bayan Ƙwaya

'Yata ta fari tana da ciwon farfaɗiya. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mamana nake ce mata. Tun da likita ya ɗora ta a kan wata ƙwaya mai sheƙi, safe da yamma, ciwon ya lafa, har ta koma makaranta. Amma ni ban taɓa sakin jiki ba. Ko cokali ya faɗi a kicin sai gabana ya faɗi.

Sai ga shi ta fara amai. Da ta sha maganin ba a jimawa take dawo da shi, ta kwanta riƙe da ciki. Maganin da bai zauna ba kuwa, na san abin da ke biye da shi. A shagona na kafinta sai in riƙe zarto in manta abin da zan yanka.

Uwarta ce ta gano. Tana shara ta jawo faranti daga ƙarƙashin gado, da wani gari a kai, da guntun samfefa mai laushi irin wadda nake goge ƙofa da ita.

"Malam, zo ka ga 'yarka ta gaje ka," in ji ta. "Mun samu kafintar ƙwaya."

Mamana ta fashe da kuka. Wai an turo wa 'yan ajinsu murya a waya cewa duk abin da ke ƙyalli, alawa ko tuffa ko magani, da kitsen alade ake yin kakin da ake shafa masa. Ba ta son barin magani, ba ta kuma son haɗiye haram, shi ne take kankare bayan kowace ƙwaya kafin ta sha.

Na so in yi faɗa, na fasa. Ni kaina ban san amsar ba.

Na ce wa Mamana ta ɗauko hijabinta. Muka je wajen mai kemis ɗin bakin titi, wata dattijuwa da tabarau ke rataye a wuyanta. Ta ga ƙwayar da aka kankare, ta riƙe baki.

"Haba 'yar nan! Wannan rigar ce ke hana maganin ya ci miki ciki. Kin tuɓe shi, ba dole ki yi amai ba?"

Ga mutane suna jira, amma ta zauna ta duba abin da aka haɗa maganin da shi. Ta ce ƙyallin da ke sama kakin ganyen wata bishiya ne mai kama da giginya, ana karkaɗe shi daga busasshen ganye a narkar. Akwai na zuma, akwai kuma wanda ake samu daga wasu ƙwari, amma wannan na ganye ne.

Mamana ta sunkuyar da kai. "Hajiya, ki yi haƙuri, amma ke ba malama ba ce."

Kunya ta rufe ni. Matar ta yi dariya har tabarau ɗinta na rawa.

"Gaskiyarki. Ni dai na san inda ya fito. Hukunci kuma ki kai wa mai shi."

Muka wuce gidan malamarsu ta Islamiyya, muka same ta tana shanya. Ta saurari komai da jiƙaƙƙen zani a kafaɗa.

"Abin da ya fito daga ganye, ba maye, ba cutarwa, halal ne," in ji ta. "Na ƙwarin ne malamai suka yi saɓani a kai. Kuma ko shi ne, ba a taɓa maganin farfaɗiya sai an tambayi likita. Tsoron Allah kika yi, Allah ya yi miki albarka. Amma gobe ki fara tambaya."

Ta shiga ɗaki da kanta ta kawo ruwa. Lokacin maganin yamma ya yi, Mamana ta yi bisimilla ta haɗiye ƙwayar da rigarta.

Da muka koma gida na ɗauko kujera na zauna a ƙofar ɗakinta, ina jin motsinta. Ba ta yi amai ba. Can na ji tana tambayar uwarta ko akwai sauran abinci a tukunya.

"Malam, ka tashi ka koma shago mana. Gadin me kake yi?" in ji uwarta.

Ban tashi ba. Ina zaune ina yi wa matan nan biyu, mai kemis da malama, addu'a, su da iyayensu.