Tayoyin Jirgin Kyaftin

Tun ranar da maigidana ya shigo da kwalin nan na san teburin cin abincina ya tafi ke nan. Ya zazzage shi, sai ga tarkacen roba masu launin toka, wasu ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba, ya ce wai jirgin saman yaƙi ne. Na ce in wannan jirgi ne, to ni ma sarauniya ce. Mutumin da ke yini a shago yana ɗaura wa tabarau 'yan mitsi-mitsin sukurori, ya dawo gida kuma ya nemo wa idonsa abin da ya fi su ƙanƙanta. Mai hali dai ba ya fasa halinsa.

Na rage tsokanarsa da na gane ko wane jirgi ne. Irin wanda mahaifinsa, Kyaftin, ya tuƙa ne. Kyaftin ya tashi da shi wata safiya a lokacin yaƙi, maigidana yana goye, kuma daga ranar babu jirgi babu labari. Ba a ga gawa ba, ba a ga ɓaraguzai ba. Surukata, wadda muke kira Mama, tare muke zaune, kuma ba mai cewa marigayi a gabanta. Ita dai a wurinta Kyaftin bai sauka ba tukuna. Haka mijina ya yi furfura bai san ko shi maraya ne ba, bai taɓa samun damar yi wa ubansa kuka ba. Abin yana cin sa. Ga Mama jiki ya fara ƙi, ni kuwa ina tsoron ta tafi ta bar shi a haka.

Aikin ya ci watanni. Ya yanko kowane guntu da reza, ya goge bakinsa, ya ɗiga gam da tsinken sakace. Falo ya cika da warin fenti. Hantsakina na gyaran gira ya ɓace, na tsince shi riƙe da kujerar matuƙi. Wata rana sandar tuƙin ta yi tsalle ta faɗa kafet, muka yi ta rarrafe ni da shi, manya da mu, har ya same ta manne a gwiwar wandonsa.

Mama takan wuce ta gefen teburin kamar ba ta gani. Amma ranar da ya shafa wa ƙasan jirgin farin fenti, sai ta tsaya da kofin shayinta ta ce ba fari ba ne, shuɗi ne mai haske, don na ƙasa ya ɗaga kai ya kasa bambanta shi da sama. Ta faɗa ta wuce. Ya kankare ya sake. Bayan kwana biyu ta ce koren da ya shafa wa bayan jirgin ya yi sabo da yawa, rana takan cinye shi. Daga nan ta fara jawo kujera. Ta nuna masa inda hayaƙin inji ke barin baƙi a gefen hanci, ya kankaro bakin fensir ya shafa da auduga. Ta nuna inda takalmin Kyaftin ke goge fenti a gindin fiffike in zai hau. A wannan zaman mijina ya ji labarin ubansa fiye da duk abin da ya ji a rayuwarsa: yana tsoron kyankyaso, yana waƙa ba daɗi, rigarsa kullum warin mai.

Sai aiki ya tsaya cak. Farfela ta hau, lambobi sun manne, gilashin matuƙi yana sheƙi, amma jirgin yana kwance rub da ciki a kan tawul. Takardar haɗawar ta ba da hanya biyu. Ko a rufe ramukan tayoyi a rataye shi da zare yana tashi, ko a fito da tayoyin a tsayar da shi a ƙasa. Mijina ya zuba tayoyin da murafan ramukan a faranti ɗaya, kullum ya dawo aiki ya zauna ya zuba musu ido. Na gane damuwarsa. In ya rataye shi, ya yarda da maganar Mama har abada. In ya sauke shi, ya gaya mata abin da ba wanda ya taɓa iya gaya mata. Na ce ya tambaye ta mana, ya ce in bar maganar.

Wata la'asar Mama ta tambayi dalilin da jirgin ke kwance kamar kaza mai mura. Mijina ya fara kame-kame, wai gam ne ya ƙare. Ni kuwa bakina ba ya da linzami, na zayyana mata hanyoyin nan biyu tsaf. Ya harare ni, na kau da kai.

Mama ta ɗauki taya ɗaya tana juya ta a tsakanin yatsu. Sannan ta tambaya ko in an manne ana iya cirewa. Ya ce ba a iyawa, sai dai a karya.

“Ya daɗe a sama,” in ji ta. “Ni ma na gaji da ɗaga kai. Sa masa ƙafafunsa.”

Mijina ya jawo farantin tayoyin gabansa. Mama ta juya jirgin rigingine ta tallafe shi a tafukanta. Da ƙyar ya ɗiga gam, ya saka ƙafafun biyu a ramukansu, ya danne kowace da yatsa. Dole a riƙe su haka har gam ya kama, in ba haka ba su karkace. A nan hawayen suka zo masa, ga hannu biyu duk a kan aiki, ba halin sharewa. Ya sunkuyar da kai yana neman ɓoye fuska a kafaɗa.

“Kada ka motsa hannu,” Mama ta ce. “Yi kukanka a haka, ɗana. Ubanka ne.”