Ranar Gidan Waya ta Duniya

Tun da ido ya fara yi wa Baba gardama, karatun kalanda ya koma wuyan Auta. Kalandar irin mai yagewa ce, kowace rana da shafinta, a ƙasa an jera mashahuran da aka haifa a rana mai kamar ta yau da abin da duniya ta ware ranar dominsa. Kullum da safe, kafin ta fita zuwa otal ɗin da take aikin guga, sai ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa tana karanta masa. Kuma ba ya yarda a faɗa masa kai tsaye, sai dai a ba shi ya cinka.

"Mawaƙi ne ko ɗan ƙwallo?"

"Baba, mota za ta wuce ni."

"Harafin farko kawai za ki ba ni."

Yayyenta cewa suke abin sha'awa, tsoho da kaifin ƙwaƙwalwa haka. Su a waya suke jin sha'awar. Ita ce mai yini a tsaye kan zannuwan gado cikin tururi, ta dawo ta ɗora tukunya, ta ɗiga masa magani a ido, sannan ya tambaye ta ko ta tuna masanin taurarin da aka haifa shekaranjiya.

Da kaka ta shigo, zafi ya karye, ganye ya fara zuba a bakin titi, sai Baba ya ɗauko zancen tara ga Oktoba. A gidan waya ya ƙare ƙuruciyarsa yana tantance wasiƙu, har abokan aiki suka sa masa Kan-sarki, wai ya manne wa kujerarsa kamar yadda kan sarki ke manne wa ambulan. Ya ce ranar ta gidan waya ce a duk duniya, ba makawa za a yi taro, kuma za a nemi tsofaffin ma'aikata.

"An aiko maka ne?" in ji Auta.

"Ana gayyatar mutum gidansu?"

Ta roƙi shugabar sashensu ta ba ta safiyar, da alkawarin za ta iso kafin azahar. Ranar ta goge masa rigarsa mai ruwan toka, ta riƙe masa hannu suka hau bas. A hanya ya yi ta lissafo mata waɗanda aka haifa a ranar, sunayen da harshenta ba ya iya juyawa. Ta yi ta cewa "to" tana kallon taga.

Gidan wayar na nan inda yake, amma an raba zauren biyu da katako, ɓangare ɗaya ya zama ma'ajiyar kwalaye. Taga ɗaya ce a buɗe, wata ma'aikaciya a bayanta tana auna kaya a sikeli, mutane sun yi layi. Babu kujerun taro, babu lasifika.

Baba ya lallaba har bakin tagar. "'Yata, ina ake taron?"

"Wane taro, Baba?"

"Na yau mana. Ba ku san ranarku ba?"

Matar ta duba wayarta, ta yi murmushin jin kunya. "Wallahi haka ne. Ba a ce mana komai ba. Allah ya maimaita mana." Ta juya ga na gaba a layi.

Auta ta ga yadda kafaɗun mahaifinta suka sauka. Ta so ta ce ai da ma ta faɗa, amma ko ƙarfin faɗar ba ta da shi. Ta ja shi zuwa wani dogon benci da ke jikin bango. "Mu ɗan zauna, sai mu koma."

Ya zauna yana shafa katakon bencin da tafin hannu. Can wani direba mai rungume da kwali, wanda layi ya gajiyar, ya zauna kusa da su yana tsaki. Baba ya karkata wajensa.

"Malam, ka san dalilin da ya sa aka zaɓi yau?"

"Aka zaɓe ta a yi me?"

Shi ke nan, an taɓo inda ke yi masa ƙaiƙayi. Ya gyara zama ya fara bayanin yadda ƙasashe suka haɗu suka yarda wasiƙar kowa ta ratsa ƙasar kowa. Daga nan ya koma kacici-kacici. Direban ya cinka ya faɗi, wata mata a layi ta cinka ta ci, aka yi dariya. Auta ta jingina kai da bango. Bangon da sanyi. Ƙafafunta, da suka saba da tsayuwa, suka fara wani zugi mai daɗi. Ta ce bari ta rufe ido kaɗan.

Da ta farka, layin ya ƙare, hasken rana ya bar ƙofa ya koma kan kwalaye. Wuyanta ya sage. Baba na zaune yadda ta bar shi, jakarta a cinyarsa, ma'aikaciyar ta ajiye masa ruwa a kofi. Ta zabura tana laluben waya.

"Tana ƙarƙashina," in ji shi. "Ta yi ta kuka, na zauna a kanta."

"Baba! Daga wurin aiki ne fa!"

"Na sani. Kowa ya shigo sai na ce ya yi a hankali. Har mai share-share na hana ta zuwa nan gefen."

Kira ne a jere daga shugabar sashe. Auta ta buɗe baki za ta yi masa faɗa, sai ta ga ya kafe ta da idanun nan da suka yi fari-fari, yana jiran hukunci kamar yaron da ya fasa kwano. Ta karɓi jakarta.

"Tashi mu tafi."

A bas bai yi mata tambaya ko ɗaya ba. Sai da suka kusa sauka ya ce, "A zamaninmu ma ba wani taron kirki ake yi ba. Shayi ne da jawabi."

Ta kai shi gida, ta zuba masa abinci, ta sake fitowa da sauri. A otal ta tarar zannuwa sun yi tsauni. Shugabar sashe ta wanke ta tas a gaban kowa, ta ce hutunta na ƙarshen mako ya tafi. Auta ta ce a yi haƙuri, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta jona dutsen guga, ta jawo zanen farko.