Saura Mutum Ɗaya a Jirgin Sawakin

Daren jiya wani mafarki na yi, kuma katunan kakana Ilu ne suka jawo mini shi. Katunan gaisuwa ne guda uku da ya aiko daga Sawakin lokacin da ya tafi Makka a ƙafa, kowanne da hoton ƙaramin jirgin fito a bakin teku. Daga na ukun ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tun ina yaro nake ƙirga kawunan da ke cikin jirgin nan na uku, mutum bakwai ne.

Sai ga ni tsaye a cikin katin. Komai fari da baƙi, gefen sararin sama kuwa kyankyaso ya ɗan ci. Ruwan sama yana tashi daga teku yana komawa sama, kowa ya riƙe lemarsa a kife.

Wani bunsuru ne ɗan kamashon jirgin.

"Jidda, saura mutum ɗaya," in ji shi.

Na ce, "Tun yaushe kuke lodi?"

"Shekara saba'in. Ba ma tashi sai ya cika."

A cikin jirgin na hango Kaka Ilu. Ban taɓa ganinsa ba, amma manyan kunnuwan gidanmu ba sa ɓuya. Bakinsa bai motsa ba ya kira ni da sunan babana, ya ce, "Ɗan Sale, kada ka bar naka ya zauna. Duk wanda ya zauna ya zama hoto."

Kafin in amsa, sai ga Tabawa, 'yata mai shekara shida, tana hawa jirgin da jar rigarta ta Sallah. Ita kaɗai ce mai launi a duk garin. Fasinjoji suka matsa mata, ta zauna. Na kira sunanta, muryata ta fito a rubuce, ta faɗa ruwa.

Sai na gan ni a ofis. Wata akuya mai tabarau tana tauna takardar sunayen fasinjoji.

Na ce, "Ranki ya daɗe, a cire mini yarinya. Ni zan zauna a madadinta."

Ta sa aka ɗora ni a kan sikelin gyaɗa, ta duba.

"Ka yi nauyi, malam. Tsoro ya yi maka yawa. Je ka ajiye shi ka dawo."

Na rasa inda ake ajiye shi. Na duba aljihu, na duba hula, sai ƙaruwa yake yi.

Sai ga ni a bakin jirgin kuma. Jan rigar Tabawa yana gudu daga ƙasa, ya riga ya kai ƙugu.

"Baba, ƙafata ba ta motsi," in ji ta, ba tare da ta yi kuka ba. Wannan rashin kukan ne ya fi tayar mini da hankali.

Na kama hannunta na ja. Yatsunta sun fara zama takarda, na ji tsoron in na ƙara ƙarfi za ta yage. Bunsurun ya buga gefen jirgi ya ce, "Ya cika." Injin ya yi tari, ya kama.

Ashe injin markaɗen maƙwabciyarmu Lantana ne. Na fita tsakar gida ba takalmi, na tarar da Tabawa ta ɗauki kwanon wake za ta bi layi. Na karɓe kwanon, na kai markaɗen da kaina. Kawunan da ke cikin katin kuwa, har yanzu ban iya sake ƙirga su ba.