Filogi Na Uku, Hannun Hagu

Ina kwance ƙarƙashin mota mai lamba 47, baƙin mai na ɗigo mini a wuya, sai waya ta yi ƙara a aljihuna.

"Lonnie, injin nan tari yake."

Tsoho Hoyt ne, maƙwabcina. Shi ya haɗa injin da hannunsa, 'yarsa Darlene ce ke tuƙa motar, ni bakanikensu. Wata biyu ke nan bai taka filin tsere ba. Huhu ya ƙare, likita ya sallamo shi gida ya jira. Gidajenmu mil guda ne daga filin, sai ya sa matarsa Opal ta fito masa da gado baranda, don ya riƙa jin ƙarar injuna.

Na ce, "Tsoho, motoci ashirin suka yi gwaji yanzu. Daga can za ka ce ka ware taka?"

"Kai da ke kwance ƙarƙashinta me ka ji? Duba filogi na uku, hannun hagu."

"Jiya na sa sababbi."

"To sabon ne ya mutu. Shekara talatin ina gaya maka, kunnuwan nan naka na riƙe hula ne."

Tari ya sarƙe shi. Na jira. Da ya dawo, muryar ta sirance.

"So nake in ji ta tana tafiya daidai. Sau ɗaya. Ban roƙe ka komai ba bayan wannan."

Na kashe wayar na ci gaba da ɗaure salansa. Ni ba na son a koya mini aikina, ko daga bakin mai mutuwa ne. Sai ga Darlene, hular kwano a hammata.

"Kawu Lonnie, Baba ne? Me ya ce?"

"Surutunsa dai."

"Ka duba."

"Saura minti goma a kira ku, inji kuma da zafi."

"Kawu. Ka duba."

Na duba. Na ƙona yatsu biyu kafin filogin ya fito. Farin jikinsa ya tsage, tsaga siririya kamar gashi. Na zagi filogin, na zagi kaina, na ɗaura wani.

Ƙarfe huɗu aka saki motocin, zagaye talatin a kan jar ƙasa. Gaskiya ban kalli tseren ba. Tutar da ke saman rumfar 'yan kallo na zuba wa ido, don in ga inda iska ta nufa. Wajen gidajenmu take kaɗawa. Na ce a raina, ki ɗore haka.

Darlene ta zo ta huɗu. Kullum kafin motoci su gama tsayawa Hoyt kan kira, ya faɗi laifin kowa. Na fito da wayar na riƙe. Shiru. Darlene ta cire hula, ta dubi hannuna. Muka tura motar kan tirela, ko sifanonin ban tattara ba.

Mun tarar da Opal zaune a bakin gadon, ta naɗe robar da ake ba Hoyt iskar numfashi da ita ta ajiye kan kujera.

Ta ce, "Wajen zagaye na goma ya ɗaga yatsa ya ce, 'Yauwa. Ɗan banza ya duba.' Sai ya rufe ido. Ni na zata sauraro yake, ashe ya cika."

Asabar ta gaba, ranar tsere, na ce wa Darlene bayana ke ciwo, ta nemi wani bakanike. Na je na zauna a barandar. An mayar da gadon ciki, amma sawun ƙafafunsa huɗu na nan a kan katako. Opal ta kawo mini dafaffiyar gyaɗa da shayi mai ƙanƙara.

Ƙarfe huɗu rugugin injuna ya taso daga bayan itatuwa. Na rufe ido, na kafa tafin hannu bayan kunne. Ƙara ce kawai, dunƙule guda.

Opal ta ce, "Wacce ce tamu?"

Na ce, "Bari tukuna."

Tsagaggen filogin yana aljihun rigata. Na sa hannu na riƙe shi, na ƙara karkata kai wajen iskar.